Tsofaffin dodannin Hollywood: me ya sa haɗa su a labari ɗaya ya gagari Universal?

Daga ƙarshen 2024 zuwa ƙarshen 2025, an saki manyan fina-finai uku a kan dodannin da suka haura shekara 80 suna fitowa a allon sinima. Nosferatu, labarin mai shan jini da aka samo daga Dracula, ya fito a watan Disamba 2024, Wolf Man a Janairu 2025, sai Frankenstein na Guillermo del Toro da Netflix ya saki daga baya a shekarar. A tsakaninsu, ranar 22 ga Mayu 2025, kamfanin Universal ya buɗe sabon wurin shaƙatawa mai suna Epic Universe a birnin Orlando na Amurka, kuma wani ɓangare nasa ana kiran sa Dark Universe. Wanda ya saba da fina-finan Marvel dole ya tambaya: shin waɗannan labari ɗaya ne? Sai an ga wannan kafin a gane wancan?

Amsar ita ce a'a, babu abin da ya haɗa su. Amma tambayar tana da tushe, domin an taɓa yunƙurin haɗa dodannin a labari guda, da wannan suna na Dark Universe, aka zuba maƙudan kuɗi, aka ɗauko manyan jarumai, sannan abin ya ruguje bayan fim ɗaya tak.

## Su waye dodannin, kuma mece ce duniya ɗaya?

Idan masu sharhin fim suka ce dodannin Universal, suna nufin waɗanda kamfanin ya fito da su daga 1931 zuwa 1954. Akwai Dracula mai shan jinin mutane, wanda Bela Lugosi ya fito a matsayinsa a 1931. Akwai halittar da wani masani mai suna Frankenstein ya harhaɗa daga sassan gawarwaki, shi ma a 1931, wanda Boris Karloff ya taka. Karloff ɗin ne kuma ya fito a matsayin naɗaɗɗiyar gawar Masar da ta tashi, a The Mummy na 1932. Sai mutumin da ba a gani a 1933, amaryar halittar Frankenstein a 1935, mutumin da ke rikiɗa ya koma kyarkeci a 1941, da dodon ruwa na Creature from the Black Lagoon a 1954.

Yawancin labaran ba Universal ne ya ƙirƙire su ba. Mary Shelley ta wallafa littafin Frankenstein a 1818, Bram Stoker ya wallafa Dracula a 1897, a shekarar ne kuma H. G. Wells ya fito da labarin mutumin da ba a gani. Littattafan nan sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kowa na iya yin fim a kansu, shi ya sa Netflix ya yi nasa ba tare da neman izinin kowa ba. Abin da Universal ya mallaka shi ne kamannin: kan nan mai faɗi a sama, da ƙusoshi biyu a wuya, waɗanda mai kwalliya Jack Pierce ya tsara wa Karloff. Lokacin da kamfanin Hammer na Ingila ya yi nasa Frankenstein a 1957 da Christopher Lee, sai da ya sake wa dodon fuska gaba ɗaya don gudun shari'a.

Ita kuwa duniya ɗaya, ba kashi na biyu da na uku ba ce. A fim mai kashi-kashi, jarumi ɗaya ake bi daga farko har ƙarshe. A duniya ɗaya, fina-finai ne daban-daban, kowanne da jaruminsa da labarinsa, amma duk a wuri ɗaya da zamani ɗaya suke faruwa. Abin da ya auku a wannan fim yana shafar wancan, jarumin can yana iya leƙowa nan, kuma ana tafiya ne zuwa wani babban fim da zai tara su duka.

## Universal ne ya riga kowa

Wannan dabara ba sabuwa ba ce ga kamfanin. A 1943 ya fito da Frankenstein Meets the Wolf Man, inda dodanni biyu daga fina-finai daban suka haɗu. House of Frankenstein ya biyo baya a 1944, House of Dracula a 1945, duka biyun an ƙara Dracula a cikin dodannin. Shekaru sittin da wani abu ke nan kafin Marvel ya fara nasa.

Sai dai yanayin da aka yi haɗin yana da muhimmanci. An haɗa su ne bayan kowane dodo ya yi suna shi kaɗai, kuma a lokacin da kasuwar kowannensu ta fara sanyi. Fina-finai ne masu arha, gajeru, da ake yi cikin 'yan makonni. Kuma inda hanyar ta ɓulle shi ne barkwanci: a 1948 aka haɗa dodannin da 'yan wasan ban dariya Abbott da Costello. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, har yau ana yaba shi, amma daga nan dodannin sun daina tsorata kowa na tsawon lokaci.

## Abin da Avengers ya jawo

A 2012 fim ɗin The Avengers, wanda ya haɗa jaruman Marvel wuri ɗaya, ya tara kimanin dala biliyan 1.5 a duniya. Manyan kamfanonin Hollywood suka shiga lalube a rumbunansu, kowa na neman abin da zai haɗa ya yi irin wannan. Warner yana da Batman da Superman. Universal ba shi da jaruman littattafan zane, amma yana da dodanni, kuma yana da hujjar cewa da tsohuwar zuma ake magani: The Mummy na 1999, da Brendan Fraser da Rachel Weisz, ya tara sama da dala miliyan 400 ya kuma haifi wasu kashi biyu. Akwai kuma gargaɗi a tarihin, domin The Wolfman na 2010 da Benicio del Toro ya yi asara duk da ya ci kyautar Oscar ta kwalliya.

A 2014 kamfanin ya damƙa aikin ga Alex Kurtzman da Chris Morgan, marubuta biyu da suka yi suna a fina-finan faɗa da gudu: na farko a Transformers da Star Trek, na biyu a Fast & Furious. Zaɓin nan kansa ya nuna inda aka dosa, wato fina-finan jarumta masu ɗan ƙamshin tsoro. A shekarar ne Dracula Untold ya fito, aka ƙara masa fitowar ƙarshe a zamanin yau don a bar ƙofa a buɗe. Da bai samu karɓuwar da ake so ba, sai aka ajiye shi, aka ce The Mummy ne zai zama mafari.

## Hoto ɗaya, fim ɗaya

Ranar 22 ga Mayu 2017, saura kwana 18 a saki The Mummy, Universal ya sanar da sunan Dark Universe. An yi masa tambari, Danny Elfman ya yi masa kiɗa, aka kuma fitar da hoton jarumai biyar tare: Tom Cruise, Russell Crowe, Sofia Boutella, Javier Bardem wanda zai zama halittar Frankenstein, da Johnny Depp wanda zai zama mutumin da ba a gani. Har an tsayar da ranar fim na gaba, Bride of Frankenstein, wanda Bill Condon zai ba da umarni, ranar 14 ga Fabrairu 2019. An riga malam masallaci, tun ba a san ko 'yan kallo za su so fim na farko ba.

Wanda ya kalli fim ɗin zai iya nuna daidai inda ya karye. Labarin ya fara da wani sojan Amurka, Nick Morton, da ya tono kabarin Ahmanet, gimbiyar tsohuwar Masar, a Iraƙi, jirgin da ya ɗauko akwatin gawar ya faɗi a Ingila, gimbiyar ta tashi tana farautarsa. Ana cikin wannan sai komai ya tsaya. Aka kai Morton wani ofishin ɓoye a Landan mai suna Prodigium, ƙungiyar da ke bin diddigin dodanni, ƙarƙashin Dakta Henry Jekyll wanda Crowe ya taka. Kyamara ta bi ta kan kwalabe a jere, ga ƙoƙon kan mai shan jini da haƙoransa a wannan, ga hannun dodon ruwa a wancan. Jekyll ya yi dogon bayani, ya makara wajen yi wa kansa allura, ya rikiɗe ya koma mugun ɓangarensa, Mista Hyde, suka yi dambe. Duk wannan lokacin gimbiyar da aka zo kallo tana ɗaure da sarƙa a ɗaki na gaba. Fitowar nan tallar fina-finan da ba a yi ba ce, an dasa ta a tsakiyar wanda ake kallo.

A ƙarshe Morton ya karɓi ƙarfin Set, abin bautar tsoffin Masarawa da gimbiyar ke neman saka masa a jiki, ya zama rabi dodo rabi jarumi, ya hau doki cikin hamada yana shirin fim na gaba. Mujallar Variety ta ruwaito cewa Cruise ya samu iko mai yawa a kan rubutun da tace fim ɗin, har aka faɗaɗa rawar da yake takawa. Masu sharhi suka yi masa ca. A watan Oktoba aka dakatar da shirye-shiryen Bride of Frankenstein a Landan, a Nuwamba aka ji Kurtzman da Morgan sun bar aikin. Shekaru bayan haka Kurtzman da kansa ya bayyana fim ɗin a matsayin wataƙila babbar faɗuwar da ya yi a rayuwarsa.

## Yadda dala miliyan 410 ke zama asara

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. The Mummy ya tara kimanin dala miliyan 410 a duniya, kusan abin da na 1999 ya samu. To ina asarar?

Kuɗin tikiti ba duka ke shiga aljihun kamfani ba. A Amurka gidajen sinima na riƙe kusan rabi. A wasu ƙasashen kason kamfani ya fi haka ƙanƙanta, a Chana kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke dawowa. Fim ɗin ya samu kimanin dala miliyan 80 kacal a Amurka, inda ya zo a bayan Wonder Woman tun makon farko. Sauran duk daga waje ne, kuma Chana ce ta fi kowa kawo kuɗi, wato inda kason ya fi ƙanƙanta. An ce an kashe daga dala miliyan 125 zuwa 195 wajen yin sa, ban da talla, wadda ga fim irin wannan takan haura miliyan 100 ita kaɗai. Shafin Deadline ya ƙiyasta asarar a kusan dala miliyan 95.

Wannan lissafi yana da alaƙa kai tsaye da irin fim ɗin da aka samu. Idan ka kashe kuɗi irin haka, dole ka nemi kowa ya shigo: yara, iyaye, 'yan kallo a Seoul da Sao Paulo. Dole ka rage jini da firgici don hukumar tantance fina-finai ta ba ka matakin da matasa za su shiga su kaɗai, ka ƙara fashe-fashe da barkwanci, ka kawo jarumin da ba zai mutu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage tsoro. Girman kasafin shi ya cinye abin da aka zo sayarwa.

## Ra'ayoyi biyu, da hujjar kowanne

Ɓangare na farko na ganin tun asali tunanin ne ba daidai ba. Hujjarsu tana cikin tsofaffin fina-finan. A Frankenstein na 1931 akwai fitowar da halittar ta tarar da wata yarinya, Maria, a bakin tafki. Yarinyar ba ta gudu ba, ta ba shi furanni, suka zauna suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo. Karloff ya yi murmushi, karo na farko. Da furannin hannunsa suka ƙare, sai ya ɗauki yarinyar ya jefa, yana zaton ita ma za ta yi yawo a kan ruwa. Ta nutse, ya gudu a firgice. Masu tace fina-finai sun yanke wannan wuri, sai bayan shekaru da dama aka mayar da shi. Ƙarfin dodon yana cikin kaɗaicinsa: ba shi da kowa, bai san duniya ba, kuma duk wanda ya matso kusa da shi ya halaka. Haka Larry Talbot mai rikiɗa kyarkeci, wanda a fim ɗin 1943 babban abin da yake nema shi ne hanyar da zai mutu ya huta. Masu wannan ra'ayi suna cewa irin waɗannan ba a yin rundunar ceton duniya da su. Da zarar an buɗe musu ofishi mai fayil-fayil, an yi bayanin asalinsu, an ba su abokan aiki, to ba su da sauran abin tsoro.

Ɓangare na biyu na cewa tunanin lafiya lau yake, aiwatarwar ce ta lalace, kuma su ma suna da misalai masu nauyi. The Conjuring ya fito a 2013 a matsayin fim guda mai ƙaramin kasafi. Da aka ga 'yar tsanar da ke cikinsa ta kama zukatan mutane, sai aka yi mata nata fim, Annabelle, a 2014. Haka The Nun na 2018 ya fito daga The Conjuring 2, aka kashe kimanin dala miliyan 22 ya tara sama da miliyan 360. Jerin gaba ɗaya ya haura dala biliyan 2, kuma bai daina tsoratarwa ba. Kamfanin Legendary ya fara da Godzilla a 2014, ya yi Kong: Skull Island a 2017, bai haɗa su ba sai 2021, kuma shi ma yana da ƙungiyar ɓoye mai bin dodanni, Monarch, kamar dai Prodigium. Marvel kansa fina-finai biyar ya yi kafin The Avengers, kuma alƙawarin haɗakar a Iron Man na 2008 ɗan gajeren bayani ne bayan sunayen ma'aikata sun gama wucewa.

Masu kallon fina-finan Indiya, waɗanda ke da yawa a ƙasar Hausa, sun ga misali na kusa. Kamfanin Maddock ya yi Stree a 2018, sai bayan shekara huɗu ya yi Bhediya, labarin mutum mai rikiɗa kyarkeci, ya ɗan haɗa su a ƙarshe. Munjya da Stree 2 suka biyo a 2024, na biyun ya shiga sahun fina-finan Hindi da suka fi kawo kuɗi a tarihi.

Idan aka duba misalan da kyau, kowane ɓangare na da rabin gaskiya. Godzilla da Kong faɗa ake zuwa kallo. Fina-finan Maddock rabinsu dariya ne, hanyar da Universal ya bi a 1948. A The Conjuring kuwa, abin da ke haɗa fina-finan mutane ne, mata da miji masu binciken aljanu, su kuma abubuwan tsoron ba sa zama su ƙulla ƙawance. Ba a riga an ga wanda ya haɗa dodanni masu tsoratarwa a fim ɗaya mai tsada, suka ci gaba da tsoratarwa ba.

## Komawa ƙananan fina-finai

A Janairu 2019 Universal ya sauya hanya: kowane dodo da fim ɗinsa, kowane darakta da salonsa, babu haɗi. Na farko shi ne The Invisible Man na Leigh Whannell, tare da kamfanin Blumhouse da ya ƙware a fina-finan tsoro masu arha. An kashe dala miliyan 7, ya tara kimanin miliyan 144, duk da annobar korona ta rufe gidajen sinima makonni kaɗan bayan fitowarsa a ƙarshen Fabrairu 2020.

Whannell ya juya labarin ya koma kan matar da ta gudu daga hannun mutumin da ke gallaza mata, wadda Elisabeth Moss ta taka. An ce mata ya mutu, ita kuwa ta tabbata yana nan cikin ɗakin. Kyamara takan bar fuskarta ta juya a hankali zuwa wani lungu da babu kowa, ta tsaya a nan, mai kallo yana ta zare ido yana neman abin da ya motsa. Babu wanda ya yarda da ita, har 'yar'uwarta. Tsoron a nan na mace ne da ake cutarwa a gida kuma ake ce mata ta zare, abin da ba ya buƙatar fassara a kowace ƙasa.

Sai dai wannan hanya ma ba ta zama maganin komai ba. Renfield na 2023, da Nicolas Cage a matsayin Dracula, ya ci kimanin dala miliyan 65 bai dawo da rabi ba. The Last Voyage of the Demeter, wani fim ɗin Dracula, ya faɗi a shekarar. Wolf Man na 2025, na Whannell ɗin dai, bai yi wani abin a zo a gani ba. Wanda ya yi nasara shi ne Nosferatu na Robert Eggers, daga Focus Features, reshen Universal, wanda ya tara kimanin dala miliyan 180. Bambancin shi ne idan ƙaramin fim ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi, ba ya jan wasu biyar.

## Abin da ya shafi mai kallo da mai yin fim

Ga mai kallo, tsarin duniya ɗaya yana nufin biyan kuɗi a kan labarin da ba a gama ba. Wanda ya sayi tikitin The Mummy a 2017 ya ba da wani ɓangare na lokacinsa ga alƙawuran da ba za a taɓa cikawa ba. Fina-finan yanzu kuwa ana iya ɗaukar kowanne a kalla shi kaɗai. Iyaye dai su lura, domin dawowa ga tsoro na gaske ya sa yawancinsu ba na yara ba ne, saɓanin The Mummy na 1999 da iyalai da yawa suka kalla tare. Akwai kuma tambayar da mai kallo daga Afirka zai iya riƙewa: Imhotep da fina-finan 1932 da 1999 suka mayar mugu mai tashi daga kabari, sunan wani mutum ne na gaske, babban jami'i a fadar Fir'auna Djoser wanda ake danganta masa ginin dala mai hawa-hawa ta Saqqara.

Ga ma'aikata, rushewar irin wannan shiri na nufin aikin shekaru da aka sa rai ya tafi a rana ɗaya, kamar yadda ya faru da waɗanda suka fara aikin Bride of Frankenstein. Shi kuwa kamfanin bai yar da sunan ba. Ya kai shi wurin shaƙatawa, inda aka gina ƙauye mai suna Darkmoor, masu ziyara suna hawa wani abin hawa da ke ratsa su ta gaban Dracula da sauran dodannin cikin 'yan mintuna. A can babu labarin da sai an kammala, ganin fuskokin ya wadatar.

Babban sauyi yana tafe ne daga doka. A Amurka haƙƙin mallakar fina-finan wancan zamani yana ƙarewa bayan shekara 95, don haka Dracula da Frankenstein na 1931 suna fita daga hannun Universal ranar 1 ga Janairu 2027. An ga abin da hakan ke jawowa: littafin Winnie-the-Pooh ya fita a 2022, shekara ɗaya bayan haka wani ƙaramin kamfani a Ingila ya mayar da shi fim ɗin kisa. Ana iya sa ran tururuwar fina-finai masu arha da fuskar Karloff da alkyabbar Lugosi, masu kyau da marasa kyau. Amma dokar alamar kasuwanci daban take, ba ta ƙarewa muddin ana amfani da alamar, don haka mai son buga fuskar a riga ko kayan wasa zai iya haɗuwa da lauyoyin kamfanin, kuma kowace ƙasa da tata dokar. Sauran dodannin ɗaya bayan ɗaya za su fito: The Mummy a 2028, mutumin da ba a gani a 2029, amaryar a 2031, mai rikiɗa kyarkeci a 2037, dodon ruwa sai 2050. Har zuwa lokacin, Universal ne kaɗai zai iya tara su duka a fim ɗaya da kamanninsu na asali.